Iskar da Na Saya a Wakala

A danginmu duk wanda ya sayi mota, kafin ya kai ta ƙofar gidansa sai ya fara biyawa da ita warshar Kawu, wato garejinsa, a Ka'akiyya, nan cikin Makka. Kawu yayan mahaifiyata ne, bakanike tun ban san hannun damana ba. Shi ba ruwansa da na'ura. Sai ya sa a tayar da mota, ya kara kunne a jikinta, ya lumshe ido, sannan ya faɗa maka ciwonta. In ya gama sai ya shiga gaba, mai motar ya zaga da shi unguwa sau ɗaya, ya yi addu'a ya tofa a sitiyari. Shi ya koya mini tuƙi bayan rasuwar Babanmu, da ranƙwashi da komai.

Duk motocin da aka taɓa kai masa na hannu ne. Ni na fara sayen sabuwa dal a gidanmu, bayan shekarun da na yi a tsaye a shagon darduma da carbi a Misfala, ina ciniki da alhazai har muryata ta dishe. Ranar da na je karɓarta a wakala, wato wurin dillalan kamfanin, wani mutum mai farar jallabiya da ƙamshin turare ya zaunar da ni, ya ba ni gahawa da dabino, yana ta kirana ustaz. Ya ce motar tana da damani na shekaru, duk abin da ya lalace su za su gyara kyauta, da sharaɗin kada bakaniken titi ya taɓa ta. Da ya zo kan bakaniken titi har da yatsina fuska. Ni kuwa sai hannun Kawu ya faɗo mini a rai, baƙi ƙirin da mai, ga kujeruna ko ledarsu ban cire ba. Na fito na miƙe hanyar gida.

Na ce wa kaina gobe zan kai wa Kawu. Gobe ta zama mako guda, labari kuma ya riga ni isa. Da muka haɗu a gidan Umma ranar Juma'a na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa mini da Larabci. Wanda bai san Kawu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ya fi shekara hamsin a Makka, amma Larabcinsa na kasuwa ne da na ofis. Mu 'ya'yansa da Hausa yake mana magana, da Hausa yake zaginmu, irin ta Kanon da. Ranar kuwa cewa ya yi, "Mabruk, ya ustaz," ya juya ya ci gaba da cin tuwonsa. Wallahi na ji abin har cikin raina, amma girman kai ya hana ni komai, na ce ai zai huce.

Da lokacin siyana ta farko ya yi, wato duba motar da canja mai, na shirya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mai farar jallabiyar nan ya tarbe ni da allonsa a hannu. Shi ba ya tilasta ka, kada in ɗauki alhakinsa. Sai dai ya nuna maka abu, ya ce ra'ayinka ne ustaz, sannan ya yi ajiyar zuciya ya dubi motarka kamar marainiya. Da wannan ajiyar zuciyar ya sa aka wanke mini cikin injin da ko Madina bai taɓa zuwa ba. Da ita aka shafa wa ƙasan motar maganin tsatsa saboda ruwan sama, a Makka fa, inda in aka yi yayyafi mutane ke fitowa ɗaukar hoto. Aka fesa wa na'urar sanyi wani turare da ya sa ni atishawa kwana uku.

Sannan ya zo kan taya. Ya tambaye ni wace irin iska ce a ciki. Na ce iska dai. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wannan gama-gari ce, wadda kowa ke shaƙa, ga danshi ga datti. Su suna da ta musamman, irin wadda ake sa wa jirgin sama. Ina ji ina gani aka sace iskar Allah daga tayoyina huɗu, aka ɗura mini ta kamfani, aka ɗaura wa kowace taya ɗan koren murfi don duniya ta shaida. Na biya, har ina godiya.

Kuskurena ɗaya, na nuna wa uwargida takardar. Ta bi ta da yatsa layi-layi, ta tsaya a na ƙarshe, ta ɗago ta dube ni.

"Abban yara, iska ka saya?"

Na fara yi mata bayanin jirgin sama, amma ta riga ta ɗauki waya tana kiran Umma. Kafin Juma'a duk dangi sun ji. In na shiga ɗaki sai a ce a rufe taga kada iskar mai gida ta fita. Kowa ya yi dariya har da riƙe ciki, ban da Kawu. Shi ya tambaye ni lafiyar iyali da Larabci mai tsafta, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Bayan aikin Hajjin shekarar sai motar ta fara ƙara. Umma ta yi Hajji a wannan shekarar, ni na je na ɗauko ta da kayanta daga inda bas ta sauke su, washegari kuma na fara jin wani ƙwaras-ƙwaras daga baya. A kan titi mai kyau shiru. Da na hau gangaren unguwa ko na taka tudun rage gudu, sai ƙwaras-ƙwaras. Na kashe rediyo, na hana kowa magana, na sa uwargida ta koma baya ta saurara. Umma ma, duk ranar da na ɗauke ta, sai ta yi tsaki daga kujerar baya ta ce Allah ya sawwaƙe, motocin zamani ba su da ƙarko.

Sau uku ina komawa wakala. Kowane zuwa sai su jona mata na'ura, na'ura ta ce lafiyarta ƙalau. Su zaga da ita a kan titinsu mai santsi, su dawo su ce ba su ji komai ba. Amma ban taɓa fitowa hannu rabbana ba, don ajiyar zuciyar nan tana nan. An daidaita mini tayoyi, an wanke birki, an sayar mini da wani shiri na siyana da suke kira na zinariya, wanda har yau ban ga zinariyar ba. Ina fita daga ƙofarsu, tudun farko, ƙwaras-ƙwaras. A zuwa na huɗu mutumin ya ce sai dai in bar ta mako guda su kwance bayanta gaba ɗaya. Nan raina ya ɓaci. Na ajiye masa gahawarsa ban sha ba, na ce ya ba ni makullina.

Ban san lokacin da na ɗauki hanyar Ka'akiyya ba. Na tarar da Kawu da hantsi a ƙofar warsha, a zaune kan tsohuwar kujerar mota yana shan shayi. Ya dubi motar, ya dubi korayen murafun nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye ni da Larabci wace hidima ustaz yake buƙata. Na durƙusa a kan ƙasar nan mai maiƙo da farar rigata.

"Kawu, na yi laifi. Motar ce take ƙara, sun kasa."

Ya tashi ya je famfo ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa, ya goge. Sannan ya ɗauko tsohuwar jarida ya shimfiɗa a kujerar gaba kafin ya zauna. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce ya ɗan tashi, na janye jaridar, na kama ledar kujerar na yage ta.

Muka tafi yana nuna mini hanya da hannu. Ya sa na taka wani tudu, ya sa na ja baya na sake takawa, idonsa a lumshe. Ya ɗaga hannu na tsaya. Ya zaga ya buɗe but, ya zura hannu can cikin lungun da ake ajiye jak, ya jawo wani gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya girgiza shi a kusa da kunnena, ƙwaras-ƙwaras. Da ya kwance tsumman, tsakuwa ce cike da rabinsa, 'yan daidai-daidai, irin na jifan Shaiɗan.

Shi ya fara gane tsumman, yankin tsohon zanen ƙanwarsa ne. Na kira Umma a waya na sa kowa yana ji. Ko a jikinta. Ta ce kada wanda ya taɓa mata su, a Muzdalifa ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta ɗebo da yawa ne don Hajjin gaba, tunda gwiwarta ba za ta ƙara yarda da sunkuyo ba. A gida jikoki za su watsar, shi ya sa ta nemi lungu a mota. Na ce Umma, ƙarar da muke nema wata uku fa? Ta ce ita ina ta san duwatsu suna magana.

Kawu ya yi dariya har ya ƙware, ya dafa motar da hannunsa yana tari. Da numfashinsa ya dawo ya dube ni yana share hawaye.

"Kai dai shashasha ne tun kana ƙarami."

Da Hausa ya faɗa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Nan take na rantse na bar wakala har abada, daga yau motar tasa ce, damani ya tafi can. Sai ya daka mini tsawa ya ce in buɗe gaban. Na buɗe, ya nuna mini injin, an rufe shi ruf da baƙar roba, wayoyi ta ko'ina. Ya ce shi bai san kan waɗannan ba, kuma ba zai koya da furfura ba. In ci gaba da kai musu su canja mai, su yi abin da littafin motar ya ce, har damanin ya ƙare. Duk abin da ba ya cikin littafin in sha gahawarsu in ce na gode. Iska kuwa in zo nan, tasa kyauta ce.

"Da ka zo ranar, abin da zan gaya maka ke nan," in ji shi. "Ni ba gyara nake jira ba. Sabuwar riga na sa, na gaya wa maƙwabta ɗana zai zo da mota. Ina nan zaune har aka kira magariba."

Ya rungumi gwangwanin Umma ya koma kujerar gaba, ya yi addu'arsa ya tofa a sitiyari. Sannan ya sauke gilashi har ƙasa, ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya ce in bi ta layin masu faci, kuma in tafi a hankali.