Ranar da Tanko Direba Ya Ƙi Tuɓewa

Kakana na wajen uwa, Malam Tanko Direba, bai ci fansho ba. Da wannan zan fara, domin shi ne abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa Turawa a titunan Nassarawa ta Kano, bai taɓa ko take kaza ba, ya zo ya ƙare da gadi a kan benci. In ka tambayi dalili a gidanmu sai kowa ya sunkuyar da kai, a ce maka haka Allah ya so. Na yarda haka Allah ya so, amma akwai yadda aka yi, kuma sai da na yi aure har na haihu kafin kakata Uwani ta ga na isa a gaya mini.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Da samartakarsa ɗan kokawa ne, kuma kowa ya san yadda ake shiga fagen kokawa: daga kai sai warki, ga 'yan mata kewaye suna guɗa. A gona ma da bante yake noma. Saboda haka kada wani ya ɗauka irin mutanen nan ne masu tsoron a ga fatarsu. Ƙirjinsa da cinyoyinsa babu wanda bai gani ba a garinsu, har alfahari yake yi da su. Amma tun daga ranar da aka yi musu kaciya aka fito da su daga ɗakin jinya, babu namijin da ya sake ganin abin da ke ƙarƙashin banten nan, shi ma bai ga na kowa ba. Ko wanka suka je rafi da sa'o'insa, kowa juya baya yake yi, ya tsuguna.

Ya shigo Kano yana yaron mota, ya koyi tuƙi, har ya zama direban manajan wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da fatu. Aka ba shi ɗaki ciki da rumfa a bayan gidan manaja, kusa da na kuku, ƙarƙashin wani mangwaro da Uwani ta mutu tana ambatonsa. A gidan nan ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Maigidan nasa, babban mutum mai furfura, sai ya fito tsakar ciyawa da ɗan gajeren wando ya kwanta a rana kamar an shanya barkono. Wani lokaci ya fito daga wanka yana goge jiki, yana faɗa wa Tanko inda za su je. Kakana sai ya kafa ido a kan takalminsa ya yi ta cewa to. Ya taɓa gaya wa Uwani cewa ganin ba shi ne ya dame shi ba. "Idan matar wani Bature ta shigo, ai da gudu yake neman riga," in ji shi. "Ashe ya san kunya. Mu ne dai bai ɗauka muna da ido ba."

Mahaifiyata Jummai ita ce 'yarsu ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Da ta isa aure ya ba wa Shu'aibu, wani saurayi marar hayaniya da ya koyi tuƙi a hannunsa, ya kuma nemar masa aikin jan a-kori-kurar kamfanin. Shu'aibu shi ne mahaifina. Daga ranar da aka ɗaura aure, mutanen nan biyu da suka saba cin ƙosai a takarda ɗaya suka koma kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. Mahaifina ya daina ci a gabansa, ya daina dariya, ya daina haɗa ido da shi. In ya hango shi a gareji sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi yana kallon ƙasa. Kakana kuma ya amsa yana kallon bango. Haka surukuta take, babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Ana saura kaɗan a ba da mulkin kai, Turawan kamfanin suka fara haɗa kayansu. Aka ce kafin a miƙa wa 'yan ƙasa kamfanin, za a mayar da tsofaffin ma'aikata na dindindin, masu fansho, amma sai likita ya duba kowa ya ce lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kawo musu albishir ɗin akawun kamfanin ne, Malachi, Kirista daga kudancin Zariya, aminin kakana na shayi da goro. Uwani ta ce a ranar Tanko ya dawo gida har da 'yar waƙarsa, ya ce mata tsufansu ya samu rumfa.

Ranar gwaji aka tara direbobi da makanikai a wani dogon ɗaki a gidan likitan kamfanin, nan cikin Nassarawa. Ɗakin ƙofa biyu ne da shi, ɗaya a gaba wajen teburin likita, ɗaya a baya mai fita lambu. Aka jera su bisa girma, kakana a gaba, mahaifina can ƙarshe. Duk sun ɗauka ɗaya bayan ɗaya za a riƙa shiga bayan labule. Likitan kuwa sabon zuwa ne, a soja ya yi aiki, kuma sauri yake yi. Ya yi magana da Turanci, malamin asibitin da ke masa tafinta ya juyo ya ce, "To, jama'a, ku yi haƙuri. Ya ce kowa ya tuɓe. Riga da wando duka, a zube a gaba."

Wani makanike ya ce, "A nan? Gaban juna?"

"A nan. Ya ce duk maza ne, mene ne abin ɓoyo?"

Duk maza ne. Na daɗe ina juya wannan magana. Wanda ya faɗe ta bai san cewa a wurinmu nan ne nauyin yake ba. Namiji da rigarsa ake saninsa: wannan babba ne, wannan malami ne, wannan uban wane ne. In ka tsayar da su zigidir a layi ɗaya, ka kwashe musu duk wannan, ka bar kowa da tumbinsa da tabonsa da abin da ba ya so a gwada da na wani. Kuma gobe da safe za su haɗu a masallaci, sahu ɗaya.

Wasu suka fara kwance tazuge, idonsu a rufi. Kakana bai waiwaya ba, ina zai iya waiwayawa alhali ya san wanda ke bayansa? Ya yi tunani: in ya tuɓe, mijin 'yarsa ya ga tsiraicinsa. In ya tsaya har a kai ƙarshen layi, shi ya ga na yaron. Sai ya ce a ransa, shi ya ci rabonsa, yaron kuwa ga mata da goyo. Ya gyara hularsa, ya wuce ta gaban teburin likita, ya fita ta ƙofar gaba. Likitan na kira, ko kallonsa bai yi ba.

Abin da bai sani ba, tun kafin tafinta ya rufe baki mahaifina ya riga ya sulale ta ƙofar lambu, kansa a ƙasa. Shi ma lissafin da ya yi ke nan: Baba ya fi shi shekaru a bakin aiki, Baba ne ya cancanta, bari ya ba shi wuri ya tuɓe ba tare da idon suruki ba. Da ɗayansu ya ɗaga kai sau ɗaya tak ya dubi ɗan'uwansa, da an huta. Amma ɗaga kan shi ne abin da ba za su iya ba.

Kowannensu ya koma gida yana jin daɗin ya yi abin kirki. Kakana ya ce wa Uwani, "Ni dai ban samu ba, amma mijin yarinyar nan ya samu, shi ke nan." Mahaifina a ɗakinsu na haya a Tudun Wada ya ce wa mahaifiyata, "Baba ya samu, alhamdu lillahi." Sai da matan suka haɗu a wani gidan suna, kowace ta buɗe baki za ta yi wa ɗaya barka, sannan aka gane an yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko. Uwani ta ce dariya ta fara zuwar mata, kafin ta kai baki ta zama kuka.

Manaja ya fusata, ya ce taurin kai ne. Malachi ne ya shiga ya fita. Ya ce wa Baturen, "Ranka ya daɗe, kakana ni da fatar akuya ɗaya yake yawo a kan dutse, amma har ya mutu surukinsa bai ga ya cire ta ba. Kunya ba a yawan tufafi take ba." Manaja ya sauko, amma ya ce an riga an cike gurabe, saura ɗaya. Su zaɓi mutum ɗaya a tsakaninsu, likita zai duba shi shi kaɗai.

A nan ne nake jin haushinsu, su biyun, har yau. Maza biyu masu hankali, aiki ɗaya, gareji ɗaya, amma ba za su iya zama su yi maganar ba, domin yin maganar ambaton abin da ya faru ne a ɗakin likita. Sai Malachi ya zama ɗan aike, daga wannan kusurwar gareji zuwa waccan.

"Malam Tanko, yaron ya ce wallahi ba zai ci ba kai ka rasa."

"Ka ce masa ni na ce ya je."

Malachi ya je ya dawo. "Ya ce ka gafarce shi, bai taɓa saɓa maka ba, amma wannan karon ko za ka tsine masa ba zai je ba."

Manaja ya ce in ba su daidaita ba zai ba wa wani. Da kakana ya ga gurbin zai kuɓuce musu duka, sai ya tashi da sassafe ya wanke baƙar motar da yake tuƙa manaja a ciki, wadda yake ji da ita, ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya shiga ya ajiye makulli a teburin manaja. Ya ce idonsa ya fara ba shi matsala, ya bar aiki. Ƙarya ce. Mutumin nan har ya mutu da kansa yake zura zare a allura. Amma wanda ba ma'aikaci ba ne ba a ba shi gurbi, don haka mahaifina ya rasa wanda zai bar wa, dole ya je likita ya duba shi.

Barin aiki barin ɗaki ne. Suka kwashe kayansu a amalanke suka koma unguwar Gama. Ba a daɗe ba aka yi bikin mulkin kai, kamfanin ya samu sabon manaja Bakano, Alhaji Lawan, aka ɗauko mahaifina aka ba shi baƙar motar. Kakana kuwa ya samu gadi a wani gida, a titin da ya yi shekaru yana bi da ita. Duk sanda mahaifina ya biyo ta wurin sai ya tsayar da mota, ya fito, ya cire takalmi ya durƙusa. Alhaji Lawan yana zaune a baya da jaridarsa, bai taɓa cewa a yi sauri ba. Gaisuwar ba ta wuce ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida. Godiya kuwa mahaifina bai taɓa yi masa da baki ba. Buhun gero dai kan bayyana a zauren Gama ba a san wanda ya kawo ba, kakana kuma bai taɓa tambaya ba.

Da Uwani ta gama ba ni labarin, ban iya haƙuri ba. Ni jika ce, ina da bakin da 'ya'yansa ba su da shi. Na same shi a zaure yana jan carbi, ya tsufa, ƙafafun kokawar nan sun zama kamar kara.

"Angona," na ce, "ashe saboda wando ɗaya ka jefa mu a talauci?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke amarya, wa ya gaya miki? Tsohuwar nan ko?"

"Ka bar tsohuwa. Da kun runtse ido ku biyun, minti nawa ne? Da yanzu kana kwance kana cin fansho. Ni dai ban ga riba ba."

Ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure, inda mahaifina yake ajiye takalminsa duk ranar Juma'a.

"Na san ubanki tun yana wanke mini taya," ya ce. "Da ya gan ni a ranar nan, ko na gan shi, ba zai sake iya tako ƙofar nan ba. Zai riƙa aiko da gaisuwa, yana canja hanya in ya hango ni. Da na ci fansho, gaskiyarki. Amma wa zai riƙa zuwa gaishe ni?"

Na tashi na ɗebo masa ruwa a buta, don an fara kiran la'asar.