Zaren da Ashiru Tela Ya Ƙi Ja

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki Unguwar Shanu ya san Ashiru Tela, ko bai riƙe sunan ba zai riƙe fuskar, don fuska ce da ba a cika ganin haƙoranta ba. Shagonsa na bakin layinmu, ƙofa ɗaya, keken ɗinki biyu, sai wani dogon benci da na fi kowa ɗumama shi tun da na yi ritaya daga aikin gwamnati. Ni sunana Yahya. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa wasa ya ba ni dama. In ya ji haushi ya san ƙofar gidana.

Ashiru ya shigo Kaduna yana saurayi, lokacin da masaƙu ke ɗibar ma'aikata. Ya yi shekaru a Kakuri a gaban inji har kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Da aka rufe masaƙar aka sallame su, wasu abokan aikinsa suka koma gida, wasu suka hau acaɓa. Shi ya ce ba zai koma Kano hannu rabbana a yi masa dariya ba. Ya tsallako kogi ya kama haya a unguwarmu, ya durƙusa gaban wani tsohon tela ya koyi ɗinki da gemunsa. Da keken nan ya aurar da 'ya'yansa mata, ya yi wa mazan makaranta. Yanzu duk sun kama gabansu, gidan daga shi sai mai ɗakinsa Maimuna.

Mutum ne da bai iya daɗin baki ba. In ka kawo yadi mara kyau zai gaya maka an cuce ka, in ka yi ƙiba zai faɗa maka yana riƙe da abin awo a cikinka. Amma bai taɓa ɓata wa mutum kaya ba, shi ya sa ake haƙuri da shi.

Yana da wata kyanwa, wadda ta shigo rayuwarsa ta dalilin ɓeraye. Wata shekara suka bi shaddar wani ango suka yi mata tagogi, Ashiru ya sha kunyar da bai taɓa sha ba. Ba a yi sati ba sai ga shi da 'yar mage mai ruwan toka a cikin hularsa, wai mai shayin bakin titi ne ya ba shi. Tun kafin mu buɗe baki ya yi mana bayani cewa shi ba Bature ba ne da zai yi kiwon kyanwa don sha'awa, aiki ya ɗauke ta, ranar da ta daina kama ɓera ya sallame ta. Ko suna ya ƙi raɗa mata. Ma'aikaciya yake kiranta, sunan ya bi ta.

To amma ni ina kan benci, kuma Allah ya ba ni ido. Na ga inda kan kifin abincin ranarsa ke zuwa. Na ga in ta kwanta a kan fedar keke tana barci, Ashiru da ke korar jikokinsa daga wurin sai ya tashi a hankali ya koma ɗaya keken, yana gunaguni wai dama wancan na son mai. Da rana in layi ya yi shiru, nakan ji yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana kai mata ƙarar masu kawo ɗinki a makare. Da zarar ya ga ina kallo sai ya koma yin tari.

Ciwon ya zo ne gab da Babbar Sallah, lokacin da shagon ke cike da ɗinki har rufi, ƙasa kuwa ba ka iya ganin siminti saboda ƙyallaye da guntayen zare. Ma'aikaciya ta fara amai. Da farko ba wanda ya damu, kyanwa dai ta saba. Sai ta daina cin abinci. Ta shige ƙarƙashin tebur ta dunƙule, in ta sha ruwa ya dawo, in an taɓa cikinta ta yi wani kuka siriri mai ban tausayi.

Nan take layinmu ya cika da likitoci. Mai shayi ya ce shinkafar ɓera ta ci, a ɗura mata man ja. Aka ɗura, ta amayo shi a kan takalmina. Wata makwabciya ta ce madara, wani ya ce jiƙon sabara, wani kuma ya ce kwananta ne ya ƙare, a samo wata, ai mage ba ta tsada. Ashiru ya ci gaba da taka kekensa. Amma na lura ya ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu, abin da ban taɓa gani ba. Maimuna ta gaya wa matata cewa tuwonsa ma yadda aka kai haka ake ɗaukewa.

Wata safiya na iso na tarar da shi a tsugune, ya ɗaga wutsiyarta yana duba wani abu. Wani ɗan zare ne shuɗi ya leƙo ta bayanta, bai fi tsawon yatsa ba. Ni da hanzarina na ce ai ga ciwon nan ya kawo kansa, na miƙa hannu zan zare shi a huta. Sai ji na yi an make min hannu.

"Kai Malam Yahya, kana da hankali kuwa? Zaren da ba ka ga ɗaya bakin ba, ja ake yi? Ka san me ya riƙe a ciki?"

Na ji zafin dukan, na janye hannuna. Ya ɗauko almakashi ya datse abin da ya leƙo, kamar yadda yake yi wa bakin riga. Daga nan ya miƙe, ya dube ni ba tare da ya haɗa ido da ni sosai ba, ya tambaye ni ko akwai mai a tsohuwar motata. Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, da ɗinkin Sallah na rabin unguwa a ciki.

Asibitin dabbobin da muka je ta wajen Mando yake, kuma da yake lokacin layya ne harabar cike take da raguna. Kowa na riƙe da igiya, sai mu tsofaffi biyu da kwalin taliya mai huji. Wani mai ƙaton rago ya leƙa kwalin, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lallai Kaduna ta ci gaba, mage ma ta samu gata. Na ɗauka Ashiru zai wanke shi tas, don bakinsa ba ya rantar magana. Sai kawai ya ce masa amana ce a hannunsa, ya juya masa baya.

Likitar yarinya ce sa'ar autarsa, sunanta Dakta Yasmin. Ta saurari bayaninmu, ta lallatsa cikin a hankali, ta ɗan ɓata fuska da ta ji zancen man ja. Da ta ji sana'arsa da zancen zaren kuwa sai ta yi wa kyanwar allurar barci, ta buɗe bakinta ta ɗaga harshen, ta kira mu mu gani. Zaren ne ya naɗe a gindin harshe, ya ci nama har ya kusa ɓacewa. An yi hoton cikin, ta nuna mana. Ta ce ɗaya bakin zaren na maƙale a harshe, sauran ya bi ta hanji, hanjin na ta ƙoƙarin tura shi ya kasa, har ya tattare a jikinsa kamar wando in an ja tazuge. Wannan bayanin Ashiru ya fahimce shi fiye da ni, don na ga yadda ya runtse ido.

Ta tambaya ko wani ya ja zaren da ya leƙo. Ashiru ya ce datsewa ya yi. Ta ce ya kyauta, da an ja da ƙarfi da zaren ya yanka hanjin kamar wuƙa, da ba mu iso da ita ba. Ni dai na mai da hankali kan wani hoton shanu da ke jikin bango. Bakanon nan, Allah ya saka masa, bai tona ni ba.

Ta ce sai an yi aiki, kuma ba za ta yi masa alkawari ba, don sai ta buɗe za ta san ko hanjin ya huje. Ashiru da ke cinikin albasa kamar zai sayi gida, ko ragi bai nema ba da aka faɗi abin da za a kashe. Abu ɗaya ya tambaya.

"Likita, zaren nawa ne ko? Ni na zubar da shi a ƙasa."

Ta ce, "Baba, kyanwa ko a gidan da ba tela takan samu abin haɗiya. Ka kawo ta da sauran ƙarfinta, shi ne abin dubawa."

Aka shiga da ita ɗakin aiki, mu kuma muka fita muka zauna a inuwar wata bishiyar dalbejiya. Muka yi azahar a ɗan masallacin wurin. Na yi ta jan sa da tsokana, na zagi Kano da Kanawa iya iyawata, ko kallona bai yi ba. Wayarsa na ta ruri, masu ɗinki ne, ya kife ta a kan cinya. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, ba don kyanwar ba, don shi. Na gane cewa tun da yara suka watse, wannan 'yar halittar ce kaɗai yake gaya wa abin da ke ransa.

Wajen la'asar Dakta Yasmin ta leƙo ta yafito mu. Ta ce an ci sa'a, hanjin ya ƙuje amma bai huje ba, ta yanka wuri biyu ta fitar da zaren guntu-guntu. Ta miƙo masa shi a cikin ɗan faranti. Ya juya shi da yatsa, ya ce zaren aikin wuyan kaftanina ne na Sallah, dama ya san duk abin da ya fito daga Zariya ba alheri. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ya nemi a nuna masa cikin. An aske gashin, ga ɗinki a jere. Ya sa tabarau ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce tazarar ta yi daidai, hannun yarinyar nan na da tsafta. Likita ta yi dariya, amma ta ja masa kunne cewa ba a fita daga haɗari ba tukuna. Sai kyanwar ta ci abinci da kanta, ya kuma zauna a cikinta, sannan za a ce an tsira.

Ta kwana a wurinsu ana yi mata ƙarin ruwa, sannan muka dawo da ita gida, ba shago ba. Maimuna ta shimfiɗa mata tsohon zani a zaure. Ashiru ya koma kan keke, amma kafin ya zauna sai da ya share shagon nan ƙal, ya rataya wata jakar leda a jikin keken don guntayen zare. Yana ɗinki yana leƙawa gida. An dafa mata kifi an cire ƙaya an dama shi da ruwa, ta shinshina ta kau da kai. Aka gwada tsokar kaza, haka. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki a kwanakin nan ya sha faɗa ba dalili.

Ranar jajiberin Sallah na je karɓar kaftanina da hantsi, na tarar da shago a buɗe ba kowa. Na zagaya gidan, na yi sallama a ƙofar zaure da ƙarfi yadda na saba saboda kunnensa. Ba a amsa ba. Na leƙa, sai na gan shi a durƙushe a kan siminti, abin awo a wuya, ya ɗago min hannu alamar in tsaya inda nake. Ma'aikaciya na tsaye da ƙafafunta, cikinta a aske, ta sa kai a cikin murfin kwano tana lasar kifi a hankali. Maimuna na daga ƙofar ciki ta rufe baki da gefen mayafi.

Na buɗe baki zan yi barka. Ya juyo, hawaye na bin gemunsa, bai ko damu ya share ba.

"Yi shiru mana, Malam Yahya," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ba ka ga tana cin abinci ba?"