Ciwon Abokin Surukina

Kano

Ba a kira assalatu ba muka tashi. Matata Hadiza ta durƙusa a kan jakata tana cusa kilishi da kuka da daddawa, kai ka ce yunwa ake yi a Riyad. Taron likitocin ciki da hanji zan je, kuma masu taron sun kama mana otal, amma ita ta kafe sai dai in sauka wajen mahaifinta a unguwar Nasim.

"Haba Hadiza, ni da suruki a gida ɗaya? Ina zan sa kaina?"

"Kai dai ka sauka can," in ji ta, ta ja zif ɗin jakar.

Ban tambayi dalili ba. Ita ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai "yarinyar nan". Wayarsu ba ta wuce gaisuwa da ya aiki ya yara. Na ɗauka so take in yi mata zumuncin da ita ba ta iyawa.

A filin jirgi mai bincike ya buɗe jakar, warin daddawa ya buge shi, ya rufe da sauri ya ce, "Likita, Allah ya kiyaye hanya." Ban taɓa wucewa bincike da sauri haka ba.

Jidda zuwa Riyad

A Jidda aka ɗauki hoton yatsunmu, muka yi azahar, muka canza jirgi. La'asar sakaliya muka sauka Riyad. Baba, mahaifin Hadiza, na tsaye a bakin fita. Ma'aikacin lantarki ne a wani kamfanin gine-gine, ya daɗe a ƙasar har Larabci ya zauna masa a baki, iyalinsa kuwa sun koma Kano tun da yara suka isa jami'a. Na zube a ƙasa na gaishe shi, Larabawa na kewaye ni da kekunan kayansu.

"Tashi, tashi, Likita. Yalla, mota na waje."

Rabona da shi tun sunan autarmu, lokacin mutum ne mai jiki. Yanzu jallabiyar tana lilo a kafaɗarsa, agogonsa ya zame har bayan hannu. Na gani sarai, na kawar da kai, don ba a ƙura wa suruki ido. A mota akwai kwalbar farin maganin nan na ƙwannafi tsakanin kujeru. Da danja ta tsayar da mu ya buɗe ya kurɓa kamar fura. Ni kuwa sai na shiga yabon faɗin titi.

Nasim

Gidansa ɗaki biyu ne a hawa na biyu. Ya bar mini mai sanyin, ya kawo faranti shaƙe da kabsa, dafa-dukan shinkafar Larabawa, da rabin kaza, ya ajiye a bakin ƙofa.

"Bismilla. Ni alhamdulillahi na ci."

Na ji daɗin hakan, don da ya zauna ko loma ba za ta wuce mini ba. Da safe na buɗe firji zan sha ruwa. Ban da ragowar kabsata, babu komai sai robobin nono da ƙullun koko.

A hanyar kai ni tashar jirgin ƙasa na cikin gari ya yi gyaran murya, idonsa na kan titi.

"Likita, akwai wani abokina a wajen aiki. Cikinsa ke damunsa. Loma biyu ya ƙoshi. Ya ce bayan gidansa ma ya canza, baƙi ƙirin kamar kwalta. Ko akwai ɗan maganin da za a rubuta masa?"

Da wani baƙo ne ya faɗa mini haka a ofishina, da bai bar asibitin ba ranar. Na san wane ne abokin, shi ma ya san na sani. Amma maganar bayan gida ce, daga bakin mutumin da na durƙusa gabansa neman aure.

"Wataƙila olsa ce, Baba. Ya rage yaji, ya daina zama da yunwa. Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Khalas, shi ke nan, zan gaya masa."

Ya sauke ni, har yana yi mini kwatancen inda zan canza jirgi.

Zauren taro

Bayan jawaban buɗewa aka kira wata likita daga Koriya, 'yar firit mai furfura. Bincikenta a kan kansar tumbi ne, cutar da ta addabi mutanensu. Ta ce a can, da mutum ya kai shekara arba'in ake kiransa lokaci-lokaci a zura masa kyamara ta baki a leƙa cikinsa, ko da lafiyarsa ƙalau. Ta haska hoto a allo. Mu duka muka ƙura ido ba mu ga komai ba, sai da ta zagaye wani ɗan jan tabo da bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce mai wannan cikin manomi ne, ranar ma daga gona ya zo, an kankare tabon ta cikin kyamarar ya koma gida. Sannan ta haska wani hoton da ba ya buƙatar zagayewa. Ta ce wannan sai da ya rame, ya daina cin abinci, bayan gidansa ya yi baƙi, sannan ya zo. Na ji kamar ni kaɗai take kallo a zauren.

Wajen shan shayi na same ta. Na yi tambayar da na ɗauka ta masana ce: yaya suke shawo kan tsofaffi su yarda? Na ce mu a wajenmu akwai nauyin manya, yaro ba ya yi wa babba maganar jikinsa.

Ta yi dariya. "Mu ma haka. Ni har yau ba na fara cin abinci kafin uban mijina ya ɗaga cokali. Amma ba tambayarsa nake yi ba. Na kama masa rana a asibiti, na ce kyauta ce daga jikoki, na ɗauke shi a mota. Ya yi ta faɗa a hanya." Ta dubi katin da ke wuyana. "Kai ma aikin ciki kake yi. Naka tsofaffin sun huta."

Na ce haka ne. Na ajiye kofin na fita. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Da yamma na dawo da niyyar magana. Na tsara kalmomin tun daga tasha. Baba ya buɗe ƙofa, na durƙusa, ya tambayi taro, na ce alhamdulillahi. Ya ajiye mini abinci ya shige ɗaki. Haka aka yi washegari ma. Ni da ke yi wa ɗalibai tsawa idan sun yi nauyin baki a gaban majinyaci.

Kasuwar Aziziya

Ranar da zan koma, bayan asuba, ya ce sai mun je Aziziya na sayi dabinon tsaraba, can ya fi arha. Kasuwa ce makekiya a kudancin gari, manyan motoci na sauke tumatir da albasa da kankana, ana ta ihu da harsuna iri-iri. Wasu 'yan Maraɗi masu tura kaya suka gaishe shi da Hausa. Ya yi ciniki da Larabci, ya hana ni sa hannu a aljihu, ya kuma hana ni ɗaukar kwalin, wai baƙo ba ya dako.

Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya ajiye kwalin, ya zauna a kai, yana numfashi sama-sama.

"Ba komai, jiri ne. Yanzu zai wuce."

Na tsuguna gabansa. Ban san lokacin da na sa yatsa na ja fatar idon surukina ƙasa ba. Fari fat, babu jini. Ya runtse ɗaya idon.

"Baba, ka gafarce ni. Amsar da na ba ka a mota ba ta likita ba ce. Abokin nan naka yau zai ga likita, kuma ni zan kai shi."

Ya dubi takalminsa.

"Jirginka fa?"

"Bar shi ya tafi."

Ya miƙo mini makullin mota.

Asibiti

Inshorar kamfaninsu ta karɓe shi. Aka ƙara masa jini ranar, washegari aka shirya shi don kyamara. Ni na ɗaure masa igiyar rigar asibiti ta baya, ni na riƙe hularsa da agogon. Babu wanda ya dubi wani a cikinmu.

Likitan ɗan Sudan ne, ya bar ni na tsaya a bayansa. Ya tambayi tun yaushe, na ce Baba ya ce tun kafin azumin bara. Ya tambayi ko ni ɗansa ne, na ce surukinsa ne, kuma aikinmu ɗaya. Ya ɗago ya dube ni, ya koma kan allo. Da ma zagina ya yi. Abin da ya fito a allon ba ɗan jan tabon manomin Koriya ba ne. Irin hoto na biyun ne.

Aka ciri tsoka aka kai gwaji. Baba na farfaɗowa daga allurar barci, harshensa da nauyi, ya kamo hannuna.

"Kada ka gaya wa Hadiza."

Tun da na shiga gidansu ban taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"Baba, na yi shirun da zan yi. Wannan kam sai na faɗa."

Na zauna har sakamako ya fito. Kansa ce. Hoton da aka ɗauka bai nuna ta kai hanta ba, likitoci suka ce za a fara magani sannan a yi aiki, sauran kuma na Allah ne. Ƙanin Hadiza ya fara neman biza don ya zo jinya. A daren ƙarshe Baba ya dama koko, ya kawo kofi biyu, ya zauna. Muka sha tare, kowa na kallon bango.

Gida

Na sauka Kano da hantsi, da kwalin dabinon da ya lotsa a tsakiya inda aka zauna masa. Na riga na gaya wa Hadiza komai ta waya, amma ta sa na sake daga farko. Da na zo wajen agogo ta ce ita ma ta gani, tun watanni, ranar da ya kira yara ta bidiyo.

"Shi ya sa na ce ka sauka can. Ni ba zan iya tambayarsa ba. Na ce kai likita ne, kana gani za ka yi magana."

Na gaya mata kwanakin da na yi ina gani ban yi ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da likitan Sudan, da baiwar Allahn nan ta Koriya da ba ta san abin da ta yi ba. Mai karatu kuma ina roƙon ya sa Baba a addu'a, an sa ranar fara maganinsa.

Abu ɗaya na rage ban faɗa a waya ba, sai da yara suka fita na gaya mata abin da ya ce yana farfaɗowa. Ta ajiye dabinon da ke hannunta.

"Da bakinsa ya ce Hadiza?"

Na ce da bakinsa. Ta ɗauki wayarta ta shiga ɗaki, na ji tana cewa, "Baba, ni ce. Me ka ci yau?"