Gado Mai Lamba da Damtsen Surukarsa

Gado wanzami ne a Jiratawa, kuma da aska zai tsufa in ba don Faransa ta soke aikin dole ba. Da labari ya bazu, mutanen da suka gudu ƙasar Katsina suka fara komowa, jaki gaba, iyali baya. Sai Maraɗi ta ɗauka da surutu wai agana suke kawowa. Likitan Bature ya sa aka kafa rumfar zana a bakin hanya, ya ce ba mai shiga gari sai an tsaga masa lamba a damtse. Ya nemi mai hannu, aka nuna masa Gado.

Ai kuwa Gado ya samu abin yi! Ya sayi jar hula, tafiyarsa ma ta sake. Malami ne kai ko bafatake, sai ka naɗe hannun riga. Kullum yana cika baki cewa ko kumandan, Baturen mulki, ya biyo nan sai ya miƙa damtse.

Ran nan yana tsakiyar aiki ya ɗaga kai, sai ga uwar matarsa Ramatu cikin layi, tsohuwar da ake kira Baturiya. Surukar da ko hanya suka haɗa sai ya faɗa gona, ita ce yau zai kama wa damtse? In ya bar ta ta wuce, hularsa ta tafi. In bai tsaga ba, a mayar da tsohuwa inda ta fito. Gado ya ce zai zagaya, ya shige cikin gero ya tsuguna har rana ta karkata, layi na ta zaginsa.

Tsohuwar ce ta gaji. Ta koma bayan rumfa, ta ɓula zana, ta zuro hannu, ta aika a kira shi. Ya zo kai a sunkuye, ya tsaga kamar bai taɓa riƙe aska ba, mutane na ta dariya.

Daga bayan zana ta yi magana, ba da shi ba, da mutanen layi: “Ku hwaɗa ma mai gidan Ramatu ya bar guje-gujen nan. Ɗiya shida na haihwa, agana ta bar mini ita kaɗai.”

Dariya ta tsaya. Gado ya share ido da gefen hannu, ya kira na gaba.