Jiƙaƙƙen Buhu a Bayan Armuwar

Shekarar da muka tare a gidanmu na bayan tasha a Tasawa, mijina ya sayo kayan kallo daga Maraɗi: babbar tele, da dekodar, da ampili na ƙara ƙarfin sauti mai nauyin ɗan akuya, da baful biyar masu fitar da sautin da ya rataya a kusurwoyin salo, ɗakinmu na zama. Kafinta ya ƙera masu armuwar mai ƙofar gilashi. Ni kuwa da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, sai na ɗauka rayuwar da nake karantawa ce ta iso. Har na hango kaina jingine da kafaɗarsa, kiɗa na zagaye mu kamar turare.

Da bazara ta kama, ampilin ya fara gardama. In ya yi rabin awa a cikin armuwar sai ya ɗau zafi kamar tanda, ya kashe kansa. Mijina ya kafa mashi fanka, ƙararta ta danne maganar 'yan fim. Ya sayo wata 'yar ƙarama ya ɗaure ta a baya, ita kuma ta dinga kuka irin na sauro. Buɗe ƙofar gilashin kuwa ya ƙi, wai ba don a ga wayoyi ya sa aka yi ta ba. Duk ranar da sautin ya ɗauke, gidan ne ke sha. Tuwo ya zama ba daɗi, gaisuwata ta zama surutu.

A lokacin mahaifiyata tana wurinmu. An kawo ta daga Urafane da miki a ƙafar hagu wanda ciwon suga ya hana warkewa, likita ya ce sai an wanke shi an naɗe kowace safiya har wata biyu. Zaman gidan suruki ya fi mikin yi mata ciwo. In ta ji babur ɗinsa a ƙofa sai ta ja mayafi ta shige ɗakin da ke kusa da madafa. Ba ta ci a gabansa, ba ta amsa mashi abin da ya wuce "lafiya lau". Ni ma da yake 'yar fari ce, ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke," take ce mani, tana kallon wani wuri.

Wata rana da hantsi, yana biro wurin aiki, ta same ni ina yi wa armuwar fifita da mafici.

"Ke, mene ne haka? Amarya ce a ciki?"

"Zafi yake ji, Inna. Kuma mai shi ba ya son ƙara."

Ta leƙa bayan armuwar, ta dubi taga. "Randa ma zafi take ji, wa ya taɓa jin kukanta? Cire katakon bayan nan. Ki samo buhun algarara ki jiƙa, ki shanya a igiya tsakaninsa da taga, iska ta ratsa. Amma ki matse shi har hannunki ya gaji. In yana ɗiga, ba ki gama ba. Kuma kar ya taɓa ƙarfen."

Haka na yi. Ran nan mijina ya kalli ƙwallo tun daga farko har ƙarshe, ampilin bai yi ko tari ba. Ya zagaya baya ya ga buhun, ya yi dariya.

"Madam, wa ya koya maki wannan?"

"Zuciyar da ke sonka," na ce. Na taɓa karanta irin wannan amsar, na daɗe ina jiran inda zan faɗe ta.

Ya ja kumatuna, ya ce ashe injiniya ya aura. Kwana goma sha ɗaya na yi ina yawo a kan wannan kalma. Kullum ni ke jiƙa buhun, Inna na zaune a inuwar bango da ƙafarta a miƙe, tana cewa, "Ƙara matsewa."

Ranar wata Asabar ya tafi ɗaurin aure. Na kunna wani fim na masoya da aka raba, na manta da buhu har ya bushe ƙarau. Daidai inda saurayin ya buɗe baki zai faɗi abin da na yi awa biyu ina jira, sauti ya ɗauke. Na fizgo buhun, na tsoma shi a bokiti, na dawo da gudu yana zuba, na shimfiɗa shi a kan ampilin kansa don ya huce da wuri. Na ji wani ɗan ƙas. Sai hayaƙi siriri, da warin ƙonannen roba.

Da ya dawo bai yi ihu ba. Ya ɗaga ampilin, ruwa ya tsiyaye a kan takalminsa.

"Wa ya yi wannan?"

Na dubi fuskar da ta ce mani injiniya. Na ce, "Ai dama dabarar Inna ce."

"Inna ce ta jiƙa shi?"

Na sunkuyar da kai na fara kuka. Na iya kuka. Ya ɗauki shirun a matsayin kunyar ɗiya mai rufa wa uwarta asiri, har ya dafa kafaɗata.

Ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya juya fuska ga bango kamar yadda ya dace.

"Inna, barkanku da hutawa. Na ga aikin da aka yi mana, an gode. Da ma kayan birni sai a hankali, ba tukunyar ruwa ba ce. Ina ga kun gaji da zaman wuri ɗaya, ga damina na matsowa. Jibi akwai mota zuwa Urafane. Can ma akwai masu wankin miki."

Ina tsaye a bakin madafa, ina ganin ta ta gefen labule. Ta san ba ta shiga salo ba tun safe. Kalma uku sun isa ta wanke kanta. Amma surukuwa ba ta jayayya da mijin ɗiyarta, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki. Ta ja mayafi ta rufe har hanci.

"To," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Saura mako uku a gama wankin. Shi ya sani, ni ma na sani.

Na raka ta tasha da rana tsaka. An ba ta wurin zama a baya, tsakanin buhunan siminti da wata mata mai kaji. Yaron mota... a'a, direban ne da kansa ya ce ta naɗe ƙafar don a rufe ƙofa, ta naɗe, na ga ta ciji leɓe. Na tsaya a taga ina jiran ta zage ni, don in samu abin da zan riƙe. Ba ta dube ni ba.

"Ke, koma gida. Kin bar mutum ba abinci."

Na koma. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a hanya sauƙi na ji. Da yamma ya saya mani tsire don ya lallashe ni, na ci.

A ƙauye babu mai wanke miki kullum, sai ranar da ƙanena ya samu amalanken da zai kai ta wurin likita. Ana tsakiyar noman farko ya kira ni, ya ce in same su a asibitin Maraɗi. Na tarar an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Tana kwance, ta rame, matan da ke jinya a gadajen kusa sun kewaye ta da tambaya. Wata dattijuwa ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi leshin da ke jikina.

"Wannan ce ta Tasawa? To, baiwar Allah, kina da ɗiya a gari kamar wannan, me ya kai ki komawa ƙauye da ɗanyen ciwo?"

"Ni na matsa," in ji Inna. "Awakina na tuna. Sun yi ta roƙona ita da mijinta, na ƙi."

Dattijuwar ta girgiza kai. "Tsofaffi kenan, taurin kai. Kin ga abin da kika ja wa yarinya? Dubi idonta."

Sai matan suka juyo kaina suna ba ni haƙuri. Wata ta matsa mani wuri a tabarmarta, wata ta miƙo mani ruwa. Na karɓa na sha.