Kalmar da ke kan murfin motopom

'Yan uwa, yau Ba'indiye ya ceci lambuna!

Wani Alhaji Bakano ya sayar mini da motopom, injin ban ruwa, rubutun jikinsa duk Ingilishi. Ni da na shiga aji da furfura, Hausa da ɗan Faransanci na koya. Na kai shi lambuna a Gidimuni, na tayar. Sai ƙara, ruwa ko ɗigo. Dashen albasata yana ta yaushi.

Na ɗora shi kan kabu-kabu sai shagon Alhajin a Zango, in mayar masa da tsiyarsa. Shago a rufe. Na zauna bakin shagon, na kwafi kalmar da ke kan murfin, fill, na sa a salula ta fassara mini. Sai ta fito mini da wani rubutu mai lauje-lauje kamar taliya. Na ce, "Yau ga iskanci."

Wani Ba'indiye mai haƙar foraj, rijiyar burtsatse, yana sayen tiyo a shagon da ke gefena. Ya leƙo, ya dafe ƙirji.

"Hajiya, Telugu ne, harshen uwata. Na daɗe ban gan shi ba."

Na ce, "To karanta, ɗana, albasa ba ta jira."

Ya ce, "Nimpu. Cika. Kamar a cika tulu. Kin zuba ruwa nan kafin ki tayar?"

Na ce, "Injin jawo ruwa ne zan ba ruwa?"

Ya yi dariya har da hawaye.

Na koma, na cika, na ja igiya. Kafin la'asar kowane fangali ya sha. Allah ya saka wa uwar da ta haifi Ba'indiyen nan da alheri. Gobe da sassafe zakarana zai hau kabu-kabu zuwa wurin aikinsu, tukuicinsa ke nan.