Hoton da Aka Sauke Amawali

Shekarun da kasuwar uraniyom ta faɗi, ni ke da ƴar rumfar ɗaukar hoto a bakin kasuwar Arlit. Daga Maraɗi na zo neman arziki, na tarar da fari ya cinye dabbobin mutane, ga tawaye a daji, ga kamfanin haƙar uraniyom yana ta sallamar ma'aikata. Sai aka kafa doka: wanda bai da satifika ta gama lakwal, wato makarantar boko, ya nemo, ko ya bar aiki.

Dokar ta ba ni haushi ƙwarai. Mu ƴan kudu lakwal a ƙofar gida muka same ta, har gudunta muke yi. Mutanen daji kuwa wa ya kai musu?

Wata ranar Laraba wani Ba'abzine ya shigo, makanikin manyan motocin ma'adinai, ya ba arba'in baya. An ce da kunne yake gano ciwon inji. Shekara biyu yana zuwa darasin yamma, yanzu zai zauna jarrabawa cikin yara, ana son hotonsa fuska a buɗe. Su kuwa Abzinawa, babban mutum bai sauke amawalin rawaninsa ya buɗe bakinsa gaban jama'a.

"Mai hoto, ɗauke ni haka nan," in ji shi.

"Malam, idanu biyu kaɗai zan kai musu? Cewa za su yi ka aiko ƙanenka ya rubuta maka."

Bai yi dariya ba. Ya zauna kan benci ya ce ranar da masu ɗaukar yara lakwal suka zo zangonsu, ubansa ya ɓoye shi ƙarƙashin tabarmi, don yana ƙaunarsa. Ya ce aikin nan ke ciyar da gida uku da raƙumansu suka mutu.

Na kori masu jira, na saki labule. Na saita na'ura, na juya masa ƙeya, na ce in ya shirya ya yi tari. Ya daɗe. Da ya yi tarin na danna, ban waiga ba. Sai wajen wankin hoton na ga fuskar: ashe murmushi yake yi, har da wushirya.

Ya ci jarrabawar, aka bar shi a aikinsa. Damina ba ta kewayo ba ya dawo da ƴaƴansa mata biyu, an yi musu kitso sabo.

"Na lakwal ne," in ji shi. "Waɗannan ka dube su da kyau."